Tambaya da Amsa: Wai tsohon masuncin nan na Hemingway, Yesu ake nufi da shi?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka taɓo littafin The Old Man and the Sea na Ernest Hemingway a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, mafi yawansu kuma akan abu ɗaya ne, wato alamomin addinin Kirista da ake cewa suna cikin littafin. Na zaɓo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri, in sha Allahu za ku ga amsarku a cikin waɗannan.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba a Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah a taimaka min, ina aji biyu a jami'a ina karanta Turanci, lakcaranmu ya bamu asaimen wai mu fito da alamomin Kiristanci dake cikin littafin nan, ni kuma wallahi na karanta shi tas ban ga coci ba ban ga fasto ba, wani tsoho ne kawai da kwalekwalenshi da kifi, 'yan ajinmu Kiristoci sai cewa suke ai abun a fili yake ni kuma kunya ta hanani in ce su nuna min. Ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki cire kunyar nan tukuna, ba rashin ƙoƙari bane ya hanaki gani, labarin da marubucin yake leƙowa ne baki taso da shi a kunnenki ba. Kinga in marubucin Hausa ya rubuta cewa wani yaro 'yan'uwanshi sun yi mishi hassada sun jefa shi rijiya sun dawo gida suna kukan ƙarya, ko bai ambaci sunan kowa ba ke kin riga kin ji Annabi Yusuf a ciki, ba sai an faɗa miki ba. To haka 'yan ajin naku suke ji in sun zo wasu wurare a littafin nan, tun suna yara ake karanta musu labarin a coci da gida. Ke abun da ya rage miki shine ki san labarin, shikenan.

Bari mu tuna littafin a taƙaice saboda waɗanda basu karanta ba. Ya fito a 1952, labarin wani tsohon masunci ne a ƙasar Kyuba mai suna Santiyago, ya yi kwana 84 yana fita teku bai kama ko kifi ɗaya ba. Akwai yaronshi Manolin da ya koya wa su tun yana ƙarami, kwana 40 na farko suna tare, daga nan iyayen yaron suka ce tsohon nan rashin sa'a ta kama shi, suka maida ɗansu wani jirgin. A rana ta 85 tsoho ya nausa can cikin teku nesa da kowa, wani ƙaton kifi mai dogon baki kamar mashi ya haɗiyi ƙugiyarshi, kifin ya fi kwalekwalen tsawo, ya dinga jan tsoho da jirginshi dare da rana sai a rana ta uku ya samu ya kashe shi. Ya ɗaure shi a gefen jirgi ya kamo hanyar gida, kifayen shak suka biyo jini suka cinye naman kaf, ya iso gaɓa da ƙashi da kai da wutsiya kawai. Da aka auna ƙashin ƙafa 18 ne.

Yanzu wuraren da nake so ki buɗe littafinki ki ja musu layi guda uku ne, su ne masu ƙarfi, kuma dukkansu suna can wajen ƙarshe.

Na farko lokacin da tsoho ya hango shak guda biyu sun tunkaro kifinshi, sai wani sauti ya kuɓuce mishi, ya ce "Ay". Marubucin da kanshi ya tsaya ya ce wataƙila irin sautin da mutum zai yi ne ba da son ranshi ba in ya ji ƙusa ta huda tafin hannunshi ta shige cikin katako. Ƙanwata ki tambayi kanki me ya kawo ƙusa da katako da tafin hannu a tsakiyar teku? Babu kafinta a jirgin nan. A duk duniyar Kiristoci mutum ɗaya ake tunawa in aka haɗa waɗannan abubuwa ukun, domin a Linjila an ba da labarin cewa an kafe Yesu a kan gicciye, har a Linjilar Yohanna sura 20 ɗaya daga cikin almajiranshi, Toma, yake cewa shi ba zai yarda Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya ga gurbin ƙusoshin a hannu. Wannan wajen kam ba mai karatu bane ya ƙirƙiro, Hemingway ne ya ajiye shi da hannunshi. Kuma kafin a zo nan an riga an daɗe ana nuna mana hannuwan tsohon, igiya ta yanka na dama, na hagu ya sandare ya ƙi buɗuwa, ya tsoma su a ruwan gishiri, igiyar kuma tana goge mishi gadon baya kwana da kwanaki.

Na biyu da ya iso gaɓa cikin dare kowa na barci babu mai taimaka mishi. Ya cire dogon gungumen nan da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke tura jirgi, ya saɓa a kafaɗa ya fara hawan tudu, da ya kai sama ya faɗi ya daɗe a kwance gungumen na kan kafaɗarshi, kafin ya isa bukkarshi sai da ya zauna sau biyar. Mutum a galabaice, jini a hannu, katako a kafaɗa, yana hawan tudu shi kaɗai yana faɗuwa. Wannan hoton Yesu ne ɗauke da gicciye zuwa Golgota, wurin da Linjila ta ce an gicciye shi. A nan akwai wani abu da zai ƙara miki maki in kin saka shi, kuma ko 'yan ajin naku ba duka suka lura da shi ba. A Linjilar Yohanna sura 19 an ce ya fita ɗauke da gicciyenshi, a Matiyu da Markus da Luka kuma an ce wani Saminu mutumin Kurane aka tilasta wa ya ɗauka, amma babu inda aka rubuta ƙarara a Linjilolin huɗu cewa ya faɗi a hanya. Faɗuwar daga ibadar 'yan Katolika ta fito wadda suke kira Hanyar Gicciye, matakai 14 ne, a cikinsu ya faɗi sau uku, in kin taɓa leƙa cocin Katolika za ki ga hotunan jere a bango. Kenan ɗan ECWA da ɗan Katolika ma ba lallai su ji wannan wajen iri ɗaya ba. Kuma ya dace da marubucin, domin Hemingway a gidan Furotesta ya taso a Amurka amma ya koma Katolika wajen lokacin aurenshi na biyu a 1927, sannan ya zauna a Kyuba kusan shekara 20, ƙasar da Katolika suka fi yawa a cikinta.

Na uku kwanciyarshi. Ya shiga bukka ya kwanta rub da ciki a kan jaridu, hannuwa a miƙe, tafukan suna kallon sama. Da safe yaron ya zo ya ga hannuwan sai ya fashe da kuka. Ki haɗa wannan da na farko da na biyu kinga sun jeru kamar yadda labarin gicciyen ya jeru, ciwo a hannu, ɗaukar katako, sai jiki a shimfiɗe.

Bayan waɗannan akwai na biye da su, masu ƙarfi daidai gwargwado. Sunan Santiyago da Sifaniyanci sunan Yakubu ne, ɗaya daga cikin almajiran Yesu 12 wanda shi ma masunci ne, a bakin ruwan Galili aka kira shi yana gyaran taru. Tsohon ma da bakinshi ya tuna cewa Bitrus, wani daga cikin almajiran, masunci ne. Sai alaƙarshi da yaron, irin ta malami da almajiri, tun a shafukan farko yaron yake cewa babanshi bashi da bangaskiya sosai, tsoho ya ce amma mu muna da ita ko ba haka ba. Sai kwana ukun da ya yi a teku kafin ya dawo mutane sun fara cire rai har an fita nemanshi, ana danganta su da labarin Linjila cewa Yesu ya tashi daga matattu a rana ta uku. Sai kwana 40 ɗin can na farko da ake dangantawa da azumin Yesu na kwana 40 a jeji, Matiyu sura 4. Amma ki yi hattara da wannan lambar, 40 ba ta Kirista kaɗai bace, mu ma muna da dare 40 na Annabi Musa a Alƙur'ani, Yahudawa ma suna da ita, dan haka in ita kaɗai ce hujjarki bata isa ba, sai dai ta zo ta tallafa wa waɗancan ukun.

Shawarata, ki samu Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun 1932 aka fassara shi gaba ɗaya kuma yanzu har a waya ana samu, ko ki roƙi ɗaya daga cikin 'yan ajin naku ta zauna da ke ku karanta Yohanna 19 da Luka 23 tare, ba zai ci muku minti 20 ba. Matambayi baya ɓata. Ni a sanina da mutanenmu na Gombe in kika tambayi mutum abun addininshi cikin girmamawa daɗi yake ji, ba haushi ba.

Tambaya ta biyu, daga wani matashi a unguwar Jahun, Bauchi

Malam ni damuwata daban ce. Mu Musulmi mun yi imani ba a gicciye Annabi Isa ba, to yanzu in na zauna a jarabawa na rubuta da hannuna cewa tsohon nan yana wakiltar Yesu a kan gicciye ba na amince da abun da aƙidata ta kore ba kenan? Abun yana damuna sosai har na fara tunanin in bar tambayar in ta fito.

Amsa

Ɗan'uwa na ji daɗin tambayar nan domin da yawa suna da ita a rai basa faɗa. Ni ba mai ba da fatawa bane, wannan fagen malamanmu ne kuma kana da su a kusa a Bauchi, ka je ka zauna da wanda ka yarda da iliminshi. Amma zan faɗa maka yadda nake kallon abun a matsayina na mai koyar da adabi.

Abun da Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nisa'i aya ta 157 a fili yake, basu kashe shi ba basu gicciye shi ba. Abun da Kiristoci suka yi imani da shi shi ma a fili yake, gicciyen nan shine ginshiƙin addininsu gaba ɗaya. Takardar jarabawa bata ce ka raba gardama tsakanin biyun ba, tambayar da take maka ita ce wane labari marubucin nan yake tunawa da ya rubuta shafi kaza. Amsar wannan kuwa bayani ne akan abun da ke cikin kan wani Ba'amurke a 1951 lokacin da yake rubutu, ba shahada bace daga bakinka. Ita kanta ayar ai ta kawo maganar masu cewa sun kashe shi kafin ta kore ta, kawo maganar wani ba yarda da ita bane. Ka rubuta da lafazin da zuciyarka za ta natsu, "bisa labarin Linjila", "a aƙidar Kiristoci", "marubucin yana nuni da", wannan ma shine rubutun ilimi na ƙwarai, ko ɗalibi Kirista haka ya kamata ya rubuta.

Abu ɗaya kawai nake roƙonka, kar ka yi abun rabi da rabi. Na sha ganin ɗalibi saboda ɗari-ɗari ya rubuta labarin a karkace, ya cakuɗa namu da nasu ya fito da wani abu da ba Musulmi ba Kirista da zai gane shi. In za ka kawo aƙidar maƙwabcinka ka kawo ta daidai yadda shi yake faɗinta, wannan amana ce, kamar yadda kai ma ba za ka so wani ya rubuta Isra'i da Mi'iraji yadda ya ga dama ba. Kar ka bar tambayar.

Tambaya ta uku, daga wata malamar sakandare a Billiri

Malam sannu da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni Kirista ce kuma na daɗe ina koyar da littafin nan tun lokacin da yake cikin manhajar WAEC. Abun da baya min daɗi shine yadda yara suke haddace "Santiyago shine Yesu" su zuba a takarda, har wasu handaut haka suke rubutawa. Ni a wajena wannan rage darajar Ubangijina ne, mutumin da ya kashe kifi don alfahari ya dawo hannu wofi ta yaya zai zama Yesu? Ko ni ce na cika tsanani?

Amsa

Malama sannunki da ƙoƙari, ba ki cika tsanani ba ko kaɗan, kin taɓo inda ni ma abun ya fi damuna, kuma ina so ƙanwata ta Tumfure ta karanta wannan amsar kafin ta miƙa asaimen ɗinta. Cewa akwai hoton gicciye a littafin gaskiya ne. Cewa tsohon shine Yesu kuma kuskure ne, ba a wajen addini kaɗai ba har a wajen karatun littafin kanshi.

Mu duba abun da tsohon ya faɗa da bakinshi. Ya ce shi ba mai addini bane. Hotunan addini biyu da ke bangon bukkarshi, na Zuciyar Yesu da na Budurwar Kobre, wato Maryamu uwar Yesu da ake girmamawa a garin Kobre na Kyuba, an gaya mana kayan marigayiyar matarshi ne. Da wuya ta yi wuya a teku sai ya shiga ciniki, ya ce zai yi addu'ar Ubanmu wanda ke cikin Sama sau goma da A gaishe ki Maryamu sau goma in ya kama kifin, zai kuma kai ziyara Kobre, yana karanta su da ka ba tare da zuciyarshi na ciki ba, har yana cewa ta biyun ta fi sauƙin faɗa, ƙarshe ma ya roƙi Maryamu ta yi addu'a kifin ya mutu. Da ya ƙara jigata ya ƙara farashi zuwa ɗari-ɗari ya ce a ɗauka ya riga ya yi, zai biya daga baya. Wannan ai mutum ne irinmu, talaka mai neman abinci da ke tuna Allah in ruwa ya kai mishi wuya. Sannan bayan ya kashe kifin ya zauna yana tuhumar kanshi ko zunubi ya aikata, ya amsa wa kanshi cewa ba don abinci kaɗai ya kashe shi ba, don alfahari ne kuma don shi masunci ne. Da aka cinye kifin ya ce babu abun da ya kayar da shi illa ya yi nisa da yawa. A koyarwar coci Yesu bashi da zunubi kuma wahalarshi don ceton wasu ce. Wa tsohon nan ya ceta? Ko kifin da yake kira ɗan'uwanshi bai iya karewa ba.

Ga wani abu kuma da masu handaut basa son taɓawa domin yana rusa musu lissafi. Wanda aka soka da mashi a gefen jiki har jini ya ɓata ruwa a littafin nan ba tsohon bane, kifin ne, kuma tsohon ne ya soke shi. A Yohanna 19 aya ta 34 Yesu ne soja ya soka da mashi a gefe. Kuma kin fi ni sanin cewa tun a ƙarnonin farko kifi alama ce ta Almasihu a wajen Kiristoci, har yau muna ganinta a bayan motoci. To in lissafin wannan shine wancan za mu bi, kifin ne Yesu kenan tsohon kuma sojan Roma? Shafuka kaɗan bayan nan kuma ƙusa ta koma hannun tsoho? Kinga alamar bata tsaya a kan mutum ɗaya ba, tana tashi daga kan wanda aka kashe ta sauka a kan wanda ya yi kisan, kuma a ganina da gangan ne, saboda tun a teku tsohon ya fara rasa bambanci tsakaninshi da kifin, har da suka kamo hanyar gida yana tambayar kanshi shi ne yake kai kifin ko kifin ne yake kai shi.

Abun da nake ganin Hemingway ya yi shine ya ari hoton wahala mafi girma da masu karatunshi suka sani ya ɗora a kafaɗar wani tsoho da ko abincin dare bashi da shi sai yaro ya karɓo mishi a shago. Yana ce wa mai karatu ka kalli mutumin nan da kake wucewa a bakin ruwa baka ko gaishe shi, ciwon hannunshi ya cancanci ka tsaya ka dube shi da irin idon da kake duban hoton da ke bangon cocinku. Daga nan kuma sai ya riƙe rabin labarin bai bayar ba. A Linjila bayan gicciye akwai tashi daga matattu, a nan kuwa tsoho ya farka ne da ciwon ƙirji, ya gaya wa yaron ya tofar da wani abu da bai gane ba a cikin dare, kuɗin kifi babu, mashi babu, wuƙa ta karye. Maganar da aka fi ɗauka daga littafin, cewa ana iya hallaka mutum amma ba a iya cin shi da yaƙi, ba daga wa'azi ta fito ba, magana ce ta jarumta da taurin rai, wani fasto ma zai iya ce miki akwai girman kai a cikinta. Abun da ya samu a ƙarshe guda ɗaya ne, yaron ya ce zai dawo jirginshi ko iyaye sun so ko basu so ba domin akwai sauran abun da zai koya. Ni wannan yana taɓa ni fiye da gungumen da ƙusar, kuma nan ne kaɗai zan yarda a ce wani abu ya tashi bayan ya mutu.

Dan haka Malama ki ci gaba da jan biro a kan "shine". Ki koya musu su ce an siffanta wahalarshi da siffar gicciye, sannan su kawo inda kamar ta tsaya da inda ta rabu. Yaron da ya iya nuna inda ta rabu shi ya karanta littafin.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai karatu a Azare

Malam ni fa na ga an ce shi Hemingway ɗin da kanshi ya ce babu wata alama a littafinshi, to me yasa malamai suke wahalar da mu? Har wani ya ce min wai kifayen shak ɗin Farisiyawa ne.

Amsa

Eh ya faɗa, ba ƙarya aka maka ba. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Bernard Berenson, wani masanin tarihin zane-zane, a 1952 ya ce teku teku ne, tsoho tsoho ne, yaro yaro ne, kifi kifi ne, shak kuma shak ne. Amma a 1954, shekarar da aka bashi kyautar Nobel, ya yi wa mujallar Time bayanin da ya fi wannan cika, ya ce ya yi ƙoƙari ne ya yi tsoho na gaske da yaro na gaske da teku na gaske, in ya yi su da kyau yadda ya kamata to za su ɗauki ma'anoni da yawa. Abun da yake ƙi shine a fara tanadar alama sannan a zo a cusa ta cikin labari. Kuma ko me ya faɗa a wasiƙa, jimlar ƙusa da katako tana nan a shafi, ba lakcara bane ya rubuta ta. Mutumin da ya ɗauki lambar Nobel ɗinshi ya bayar a ajiye a wurin ibadar Budurwar Kobre, wurin da tsohon littafinshi ya yi alkawarin ziyarta, da wuya a ce bai san me yake taɓawa ba.

Maganar Farisiyawa kuwa, wato malaman Yahudawa da suka yi jayayya da Yesu a Linjila, ban yarda da ita ba. Ka tambayi wanda ya faɗa maka ya nuna maka layi ɗaya a littafin da ya haɗa shak da malaman Yahudawa, ba zai samu ba. Wasu kuma cewa suke shak ɗin masu sharhin littattafai ne da suka yi kaca-kaca da littafinshi na 1950, Across the River and Into the Trees, wannan aƙalla yana da tarihi a bayanshi amma shi ma daga rayuwar marubucin aka ɗauko shi ba daga shafi ba. Haka masu cewa hular kaba da ta yanki goshin tsohon rawanin ƙaya ce irin wanda Linjila ta ce an ɗora wa Yesu a ka, akwai yankan a littafin kam, sai dai ni a matsayin mai rauni nake ɗaukarta, in ɗalibi ya kawo ta a bayan manyan ukun zan karɓa, in da ita ya buɗe zan ce ya koma ya sake karatu. Shak ɗin farko ma tsohon yabonshi ya yi, ya ce kyakkyawa ne mai daraja baya tsoron komai, sai na bayan ne ya raina saboda masu cin mushe ne. In za ka rubuta wani abu akan su ka fara daga wannan bambancin da shi tsohon ya yi tsakanin na farko da na baya, yana nan a littafin kuma malamai basu cika tambaya akai ba.

Masu tambaya akan Lord of the Flies da yaron nan Simon, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.